Idan Mai Laifin Yaro Ne, A Kan Wa Za A Rama?

'Yan'uwa marubuta, da yawa daga cikinmu ta ƙofar Jumong muka shiga ƙasar Koriya ta Kudu, wato dogon wasan nan na sarauta da yaƙi da gidan talabijin na MBC ya nuna a 2006 da 2007, wanda faya-fayansa suka zagaye gidajenmu daga baya. Wasu kuma ta ƙofar wasannin soyayya suka shiga, inda saurayi kan shafe makonni yana kai da kawo kafin ya iya furta wa budurwa abin da ke ransa. To, akwai wata ƙofa ta uku wadda ba kowa ke son leƙa ta ba, domin kuwa abin da ke bayanta jini ne da kuka da ramuwar gayya. Ta nan muke so mu ja mai karatu yau, saboda wata tambaya da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya tun da muka fara bin waɗannan finafinai ɗaya bayan ɗaya.

Labarin ramuwa tsohon labari ne, kuma duk wanda ya taɓa riƙe alƙalami ya san kayan haɗinsa: ga wanda aka zalunta, ga azzalumi, ga hukumar da ta kasa. Da zarar marubuci ya tanadi waɗannan, sauran aikin kamar gangara ne, mai karatu da kansa zai riƙa tura labarin yana jiran ranar sakayya. Amma yaya ke nan idan azzalumin nan ko gemu bai fara ba, uwarsa ce ke tashinsa da safe ya sa kayan makaranta? Masu shirya finafinan Koriya sun shafe fiye da shekara 20 suna kokawa da wannan tambaya, kuma yadda kowannensu ya kubce mata ko ya tsaya ya fuskance ta, shi ne abin da ya dace mu da muke koyon ƙaga labari mu zuba wa ido.

Bari mu fara da inda abin ya zo da sauƙi. A 2005 Park Chan-wook ya fitar da Lady Vengeance, na uku a jerin finafinansa na ramuwa, bayan Sympathy for Mr. Vengeance na 2002 da Oldboy na 2003. Lee Young-ae ce ta fito a matsayin Geum-ja, wadda aka ɗaure tana 'yar shekara 19 bisa laifin sace wani ƙaramin yaro da kashe shi, alhali wani malami ne mai suna Baek ya aikata, ya tilasta mata ɗaukar laifin saboda ya riƙe jaririyarta. Shekara 13 ta yi a kurkuku. Ranar da ta fito aka miƙo mata farar awara, domin al'adarsu ce wanda ya fito daga gidan yari ya ci farar awara, alamar zai yi rayuwa fara tas daga ranar. Ta sa hannu ta ture farantin.

Da ta kama Baek sai ta gano ashe ba yaro ɗaya ya kashe ba. Maimakon ta gama da shi ita kaɗai, sai ta nemo iyayen sauran yaran, ta tara su a wata makarantar da aka daina amfani da ita, ta kunna masu kaset ɗin da mutumin ya ɗauka na ƙarshen rayuwar 'ya'yansu. Sa'annan ta ba su zaɓi: a miƙa shi ga hukuma, ko kuwa su yi abinsu da hannunsu. Suka yi muhawara kamar taron iyayen yara da malamai, suka yanke shawara, kowa ya sa rigar leda don kada jini ya ɓata masa tufafi, suka jeru a kan benci kowa da makaminsa yana jiran layi ya zo kansa. Ɗan sandan da ya binciki shari'ar tun farko yana wurin, har da nuna masu yadda ake riƙe wuƙa. Ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, duk wanda ya kalli wannan wuri sai ya ji wani sanyi a zuciyarsa, mu ma mun ji. Amma Park bai bar mu mun tafi da sanyin ba. Bayan an gama sai ga su a shagon kek suna ci, sa'annan ɗaya bayan ɗaya suna rubuta lambar asusunsu na banki, don a mayar masu da kuɗin fansar da suka biya shekarun baya. Nan take sanyin ya koma kunya.

Duk da haka, Baek babban mutum ne, da hankalinsa, ya san abin da yake yi. Ba wanda zai tashi daga kallon yana tunanin ko da an ba shi dama zai shiryu. A Oldboy kuwa, wanda ya ci babbar kyautar alƙalai a bikin Kan na Faransa a 2004, laifin na yaro ne: wata magana da Oh Dae-su ya saki yana ɗan sakandare, ta yaɗu, ta zama sanadin mutuwar wata yarinya. Sai dai mai ramuwar bai taɓa shi ba sai da ya girma ya yi aure ya haifi 'ya, sa'annan ya kulle shi a ɗaki shekara 15. Irin wannan dabara ce Kim Eun-sook ta bi a wasanta The Glory na 2022 da 2023, inda yarinyar da 'yan ajinsu suka riƙa ƙona wa jiki da ƙarfen naɗe gashi ta jira shekara 18, ta zama malamar ajin 'yar shugabar azzaluman, kafin ta fara karɓar bashinta. Wato idan mai laifi yaro ne, sai marubuci ya jinkirta, ya bari yaron ya yi tumbi da mota da suna, don kada hannun mai ramuwa ya yi rawa, kada kuma zuciyar ɗan kallo ta karaya.

Kafin mu je ga waɗanda suka ƙi jinkirtawa, wajibi ne mai karatu ya san dokar da waɗannan finafinai suka tarar, domin ita ce katangar da duk iyayen cikinsu ke bugun kai da ita. Dokar hukunta laifuffuka ta ƙasar, wadda aka kafa a 1953, ta ce a sashe na 9 ba a hukunta wanda bai cika shekara 14 ba. Daga shekara 10 zuwa ƙasa da 14 akwai rukunin da suke kira chokbeop sonyeon, wato yaron da ya taɓa doka amma ba a yi masa hukuncin manya. Shi kotun yara ake kai shi, alƙali ya zaɓa masa daga matakan tarbiyya guda 10, tun daga mayar da shi hannun iyayensa har zuwa na ƙarshe, zaman gidan horon yara wanda ba ya wuce shekara 2. Kuma ba a rubuta masa tabon laifi da zai bi shi wurin neman aiki. Wanda ya kai 14 amma bai kai 19 ba ana iya gurfanar da shi kamar babba, ana kuma iya tura shi kotun yara. Idan bai cika 18 ba lokacin da ya yi laifin, hukuncin kisa ko ɗaurin rai-da-rai yana komawa shekara 15, ko 20 a wasu manyan laifuffuka. Hukuncin kisan ma, ƙasar ta zartar da shi na ƙarshe ne a Disamba 1997.

Mu da muka tashi da karatun Risala wannan ba baƙon abu ba ne a kunnenmu, tun da malaman Malikiyya sun ce ba a yi wa yaro ƙisasi, gangancinsa hukuncin kuskure gare shi, diyya kuwa danginsa take hawa. Kowace al'umma sai ta ja layi a wani wuri ta ce ƙasa da nan yaro ne. Matsalar ita ce uwar da aka kashe wa 'ya ba ruwanta da layi.

Fim ɗin da ya fi kowane ɗaukar fushin wannan uwa shi ne Don't Cry Mommy na 2012, wanda Kim Yong-han ya ba da umarni. 'Yan makarantarsu suka yi wa wata yarinya fyaɗe, kotu ta sassauta masu saboda ƙuruciya, suka dawo suna yi mata barazana da hoton bidiyon da suka ɗauka, har ta kashe kanta. Uwar ta ɗauki wuƙa ta bi su. Fim ne mai zafi, kuma mun yarda da zuciya ɗaya aka yi shi. Amma a ganinmu marubucinsa ya bi gajeriyar hanya. Yaran da ke cikinsa ba yara ba ne, shaiɗanu ne aka sa wa kayan makaranta. Ba mu ga ɗayansu yana jin tsoron duhu ba, ba mu ga inda yake kwana ba, ba abin da suke yi sai dariyar mugunta da zagi. An zuba wa jikin yaro zuciyar ƙasurgumin ɗan fashi mai shekara 40, don idan wuƙa ta shiga kada ɗan kallo ya runtse ido. Wannan ita ce dabara mafi arha, kuma kada mu yi saurin yi masu dariya, domin idan muka buɗe littattafanmu za mu tarar da irinta birjik: kishiyar da ba ta taɓa yin alheri ko da kuskure ba, da ɗan mai kuɗin da aka haifa da mugunta a baki, duk don ranar da asirinsu zai tonu mai karatu ya ce madalla ba tare da ya yi tunanin komai ba.

Broken na 2014 ya fi shi nauyi. Lee Jeong-ho ne ya shirya shi daga wani littafin marubucin Japan Keigo Higashino. Jung Jae-young ya fito a matsayin uba, ma'aikacin masaƙa wanda matarsa ta rasu ta bar shi da 'ya ɗaya, aka tsinci gawarta a wani tsohon gidan wanka. Wani da bai bayyana kansa ba ya aiko masa saƙon waya da adireshi. Ya je, ya tarar da yaro yana kallon hoton abin da suka yi mata, ya kashe shi nan take. Daga wannan lokaci uban da aka zalunta ya zama mai kisan kai da ake nema, yaron da ya mutu ya zama wanda aka zalunta, iyayensa suka zo ofishin 'yan sanda suna kuka, kuma kukan nasu na gaskiya ne. Uban ya bi sawun yaro na biyu cikin dusar ƙanƙarar lardin Gangwon yana jan ƙafa, ɗan sanda yana biye da shi, alhali ɗan sandan ya san ko da ya kama yaron ba wani dogon hukunci zai samu ba. A ƙarshe, a tsakiyar jama'a, bindigogin hukuma uban suka saita, don su kare ran yaron da ya kashe masa 'ya. Fim ɗin bai ce mana wannan daidai ne ba, bai kuma ce kuskure ne ba. Ya dai tsayar da mu a wurin har sai da muka ji nauyin abin.

Waɗannan labarai ba daga iska aka ɗauko su ba. A Oktoba 2015 a garin Yongin wani bulo ya faɗo daga saman bene ya kashe wata mata da ke gina wa kyanwoyin unguwa mafaka. Ɗan firamare ne ya jefo shi, wanda bai ko cika shekara 10 ba, saboda haka ko kotun yara ba ta da hurumi a kansa. A Maris 2017 a Incheon wata budurwa 'yar shekara 16 ta yaudari yarinya 'yar shekara 8 ta kashe ta, aka yanke mata shekara 20, iyakar abin da doka ta yarda. A Satumbar shekarar hoton wata 'yar sakandare a Busan, jina-jina bayan 'yan'uwanta ɗalibai sun lakaɗa mata duka, ya bazu a intanet, mutane fiye da 200,000 suka sa hannu a takardar koke ga fadar shugaban ƙasa a soke dokar yara. A Oktoba 2022 ma'aikatar shari'a ta bayyana shirin rage shekarun daga 14 zuwa 13, amma majalisar wancan lokaci ta gama wa'adinta a 2024 ba ta zartar ba.

Daga irin waɗannan ne aka gina wasan Juvenile Justice mai kashi 10 da Netflix ta fitar a Fabrairu 2022, inda Kim Hye-soo ta fito a matsayin alƙaliyar kotun yara wadda ke faɗa a fili cewa ta tsani yara masu laifi. Shari'arta ta farko ta wani ɗan shekara 13 ce da ya kai kansa ga 'yan sanda ya ce shi ya kashe ɗan firamare, ya tsaya gaban kotu yana dariya don ya san shekarunsa sun kare shi. Wannan hoto na yaron da ya haddace doka yana yi wa alƙali gwalo shi ne ya fi kowane tayar wa mutanen Koriya hankali. Sai dai wasan ya fi hoton wayo, domin binciken alƙaliyar ya nuna wata yarinya ce da ta girme shi ta yi kisan, shi kuwa garkuwa aka yi da shekarunsa. Daga baya muka gane ita kanta alƙaliyar bulo ne da yara suka jefo daga bene ya kashe mata ɗa, kuma abin da ya tsaya mata a rai shi ne 'yan mintocin da aka ɗauka aka sallami shari'ar, yaran suka fita ba wanda ya sa su gane abin da suka yi.

A nan ne muke so mai karatu ya lura da wani abu. Duk fushin a kan lamba 14 yake sauka, amma mafi munin shari'o'in da suka haifar da finafinan nan, waɗanda suka aikata su sun haura 14. Mai kisan Incheon 16 take. Haka kuma samarin Miryang, waɗanda labarinsu ya fi kowane barin tabo. A 2004 aka gano cewa 'yan babbar sakandare 44 a wannan gari sun shafe kusan shekara guda suna yi wa wata 'yar ƙaramar sakandare fyaɗe. Doka ta ba da damar a hukunta su, amma 10 kaɗai aka gurfanar, su ma aka mayar da su kotun yara, wasu aka tura su can tun farko, wasu kuma maganarsu ta mutu saboda an sasanta da kuɗi, domin kafin 2013 yawancin laifuffukan fyaɗe a ƙasar sai da ƙarar wadda aka yi wa ake bin su. Ba ko ɗaya da ya fita da tabon laifi. Wani ɗan sanda ma cewa ya yi yarinyar ta ɓata wa garin suna, har sai da kotun ƙoli ta umarci gwamnati a 2008 ta biya diyya saboda yadda 'yan sanda suka wulaƙanta ta. Ashe ke nan ƙofar da yaran suka fice ta cikinta manya ne suka buɗe ta: iyaye da ambulan ɗin kuɗi, da jami'an da ke son magana ta mutu.

Wanda ya ga wannan sarai shi ne Lee Chang-dong, wanda marubucin ƙagaggun labarai ne kafin ya shiga harkar fim, kuma hakan ya nuna a aikinsa. Fim ɗinsa Poetry na 2010, wato Waƙa, ba ya cikin masu tsinka zuciya da gudu da bindiga, amma mun sa shi a nan domin kayan haɗinsa iri ɗaya ne da na Don't Cry Mommy, sai dai ya juya su ta ɗaya gefen. Ya ci kyautar tsara labari a bikin Kan na shekarar.

Mija tsohuwa ce mai shekara 66, mai son kwalliya da furanni, tana riƙon jikanta, tana aikatau wurin wani tsoho mai shanyewar jiki. Likita ya gaya mata ciwon mantuwa ya fara kama ta, sunayen abubuwa sun soma kubce mata. A daidai lokacin ta shiga ajin koyon rubuta waƙa, inda malamin ya ɗaga tuffa ya ce masu sun ga tuffa sau dubbai amma ba su taɓa kallonta da gaske ba. Sai ga iyaye maza biyar sun gayyace ta cin abinci. A kan tebur, ana zuba giya, suka shaida mata cewa 'ya'yansu da jikanta, su shida, sun yi wata shida suna yi wa wata 'yar makarantarsu fyaɗe, yarinyar ta faɗa kogi ta mutu. Makaranta ba ta son magana ta fita, 'yan sanda ba za su motsa ba sai an kai ƙara, uwar yarinyar kuwa talaka ce mai noma. Saboda haka sun yanke won miliyan 30, kowane gida miliyan 5. Cikin ladabi suke maganar, kamar masu karo-karon gyaran rijiyar unguwa. Ba mu ga mugu ko ɗaya a cikinsu ba, kuma wannan ne ya fi ba mu tsoro. Diyyar da muka sani a bainar jama'a ake biyan ta, bayan an amsa laifi; tasu kuwa kuɗin rufe baki ce, don kada a taɓa ambatar laifin.

Mija ta tashi ta fita waje tana kallon wani jan fure tana rubutu a ɗan littafinta, mazan suna hango ta ta taga suna ganin tsohuwar ta zare. Da suka aike ta ta lallashi uwar yarinyar, ta tarar da wata mata a gona, suka yi hira mai daɗi a kan 'ya'yan itacen da suka faɗo ƙasa, ta yi sallama ta juya, sai da ta yi 'yan taku sa'annan ta tuna wace ce matar da abin da ya kawo ta. A gida ta ajiye hoton marigayiyar a kan teburin karin kumallo gaban jikanta. Ya dube shi, ya kau da kai. Yaron nan ba shaiɗani ba ne, yaro ne irin wanda kowannenmu ya sani, mai barin kwano inda ya ci, mai kwana gaban talabijin, kuma ba alamar abin da ya aikata ya hana shi barci.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mija ta nemo miliyan 5 ɗin ta hanyar da ta zubar mata da mutunci, ta biya, domin uwar yarinyar tana bukatar kuɗin. Sa'annan ta kai jikan ya ci abin da yake so, ta sa shi ya yi wanka, ta zauna ta yanke masa farcen ƙafa tana yi masa faɗan tsabta. Da dare suna buga badminton a ƙofar gida sai ga 'yan sanda biyu. Ɗaya ya tafi da yaron, ɗayan ya karɓi abin bugun ya ci gaba da wasa da ita, ita kuwa ba ta waiwaya ba. Ba a faɗa mana da baki cewa ita ta kai ƙara ba, amma wanda ya ga yankan farcen nan ya san shiri take yi masa. Ranar rufe aji, a cikin ɗaliban duka ita kaɗai ta kawo waƙa, kuma da sunan yarinyar ta rubuta ta. Yoon Jeong-hee da ta fito a wannan matsayi ita ma ciwon mantuwar ne ya kama ta a zahiri, ta rasu a Faris a Janairu 2023.

Akwai wasu da suka leƙa ɓangaren yaron kansa. Juvenile Offender na 2012, wanda hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta ɗauki nauyinsa, labarin ɗan shekara 16 ne da ke jinyar kakansa shi kaɗai, ya bi abokai suka shiga gidan mutane, aka kai shi gidan horo, can aka nemo masa uwar da ya ɗauka ta mutu, wadda ta haife shi tana 17, kuma ita ma har yanzu ba ta da ɗakin kanta. Alƙali Chun Jong-ho, wanda ya yi shekara 8 yana shari'ar yara a Changwon da Busan, ya sha bayyana cewa saboda yawan ƙararraki kowane yaro minti 3 yake samu a gabansa, daidai lokacin da taliyar kofi ke ɗauka ta nuna bayan an zuba mata ruwan zafi. Icen da ake so a tanƙwara tun yana ɗanye, minti 3 aka ware masa.

Amma a duk abin da muka zayyana akwai wadda ba mu ji muryarta ba. A Don't Cry Mommy ta mutu, a Broken ta mutu, a Poetry gawarta ce ta buɗe fim ɗin tana yawo a kan ruwa. Sai an kashe yarinyar labarin ramuwa yake samun ƙafar tafiya, domin idan tana raye za ta iya cewa ba abin da take so ke nan ba. Lee Su-jin ne ya bar ta da rai a Han Gong-ju na 2013, wanda ya ɗauko tushensa daga abin da ya faru a Miryang. Chun Woo-hee ta fito a matsayin yarinyar da aka sauya wa makaranta zuwa wani gari kamar ita ce mai laifin, aka ajiye ta a gidan uwar wani malaminta. Ba ta neman wuƙa. Tana koyon iyo a wurin wanka na jama'a, tana rera waƙa idan ta ɗauka ba mai jin ta, tana gudun kyamara. Ubanta mashayi ya karɓi kuɗi ya sa ta sa hannu a wata takarda. Sababbin ƙawayenta, da kyakkyawar niyya, suka sa hoton waƙarta a intanet, ta haka iyayen samarin suka gano inda take, suka afko cikin aji suna ihu ta sa hannu a saki 'ya'yansu. Dalilin koyon iyon kuwa, wanda sai a ƙarshe muka ji shi, shi ne ko da wata rana ta faɗa ruwa, idan ta sake shawara tana tsaka da nitsewa, ta iya fitowa.

Shekara 20 bayan abin Miryang, a Yuni 2024, 'yan kallo suka gaji da kallo suka shiga cikin labarin da kansu. Wasu masu tashoshi a YouTube suka fara fallasa sunaye da hotuna da wuraren aikin waɗanda suka ce su ne samarin nan 44, waɗanda a lokacin sun kusa shekara 40, da mata da 'ya'ya. Miliyoyin mutane suka kalla. Aka kori wasu daga aiki, magajin garin Miryang ya fito ya nemi gafarar jama'a. An kuma haɗa da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, har da wata mai shago da aka yi wa ca bisa kuskure. Wani mai tasha ya yi iƙirarin cewa da yardar dangin yarinyar yake yi, sai cibiyar da ke tallafa mata ta fito ta ce ba a nemi yardarta ba. A taron manema labarai aka karanta saƙonta, tana godiya ga masu tausaya mata, tana kuma roƙon kada a sake cutar da wani da bayanin da ba daidai ba.

A Agustan shekarar 'yan sanda suka kama ɗaya daga cikin masu tashoshin tare da matarsa, ma'aikaciyar ƙaramar hukuma, wadda ta riƙa ciro masa bayanan mutane daga kwamfutar ofis. A 2025 kotu ta yanke masa ɗauri a gidan yari, hukuncin da ba a yi wa ko ɗaya daga cikin samarin 44 ba a kan abin da suka yi a 2004.